Anand: Gundumar da masu saniya biyu suka zama masu masana'anta

Idan aka ambaci Indiya a majalisar matasa, abu uku ne ke fara zuwa baki: finafinai, asibitocin da masu hali ke kai marasa lafiyarsu, sai kuma babura da a-daidaita-sahu ƙirar Bajaj da TVS da suka cika titunanmu. Da wuya ka ji wani ya ce madara. Alhali kuwa tun shekarar 1998 Indiya ta sha gaban Amurka, ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya, kuma har yau ba a karɓe wannan kambu daga hannunta ba. Alƙaluman gwamnatin ƙasar na shekarar 2022/23 sun nuna an tatsi tan miliyan 230, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk madarar duniya.

Wanda ya ji wannan adadi zai zaci manyan attajirai ne suka kafa garake masu dubban shanu. Ko kusa. Mafi yawan madarar daga gidajen talakawan ƙauye take fitowa, masu dabba biyu ko uku a turke. Tsarin da ya haɗa kan waɗannan ƙananan masu kiwo har suka mallaki masana'antu da motocin tanki da tambarin kasuwanci nasu na kansu, daga gunduma guda ya samo asali, ita ce Anand. A wannan mako mun duba tattalin arzikin wannan gunduma, nomanta da masana'antunta, domin mu ga abin da ya sa ta yi zarra, da kuma inda har yanzu take ɗingishi.

Ina ne Anand?

Anand tana tsakiyar Jihar Gujarat da ke yammacin Indiya, a kan layin dogo tsakanin biranen Ahmedabad da Vadodara. A tsarin mulkin Indiya gunduma ce ke bin jiha, kuma ta fi ƙaramar hukumarmu girma sosai. Ta fi kama da lardi irin na zamanin da. A shekarar 1997 aka yanke ta daga tsohuwar gundumar Kheda, wadda Turawan mulkin mallaka ke rubutawa Kaira. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum miliyan 2.09 a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 3,000. Ke nan sama da mutum 600 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita.

Wannan cunkoso yana da muhimmanci ga labarin. Inda mutane suka yi yawa haka babu dajin da za a kora garke, babu burtali mai faɗi. Dabba a gida take ɗaure, a yanko mata ciyawa, a ba ta kara da harawa da dusa. Mutanen yankin suna kiran ƙasarsu Charotar, kuma an san ta da albarkar noma. Kogin Mahi ya bi ta gabashinta, daga kudu kuma ta dangana da bakin teku a Khambhat. Daminarsu daga watan Yuni ce zuwa Satumba, kusan daidai da tamu.

Dabbar da ta fara ɗaga yankin kuwa ɓauna ce. Kada mai karatu ya tuno ɓaunar dajinmu mai faɗa. Tasu ta gida ce, baƙa mai sanyin hali mai son kwanciya a ruwa, kuma yaro ƙarami ma kan ja ta. Madararta ta fi ta saniya kauri: maiƙon da ke cikinta kan kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, na saniya kuwa yakan tsaya wajen kashi 4.

Yajin kwana 15

A shekarun 1940 mai madara a Kaira ba shi da ta cewa a kan farashi. Kamfanin Polson, wanda ke da masana'anta a garin Anand, shi ne babban mai saye, kuma ta hannun 'yan kwangila da dillalai yake saye. A 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙirƙiro shirin kai wa birnin Bombay madara, birnin da yanzu ake kira Mumbai, mai nisan sama da kilomita 400 daga Anand. Ta ba Polson aikin tattarawa. Kamfani ya samu, dillali ya samu, mutanen birni sun sha madara, wanda ya yi tatsar ne kawai aka bari da ɗan abin da aka ga damar ba shi.

Duk wanda ya san sana'ar nono ya san dalilin wannan rauni. Mai hatsi idan bai ji daɗin tayi ba zai mayar da buhunsa rumbu ya jira wata kasuwar. Mai madara ba shi da "bari sai gobe". A ƙasa mai zafi 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ta lalace, dillali kuma ya fi kowa sanin haka.

Manoman suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, ɗan gwagwarmayar neman 'yanci wanda ya tashi a ƙauyen Karamsad kusa da Anand, kuma daga baya ya zama Mataimakin Firaministan Indiya na farko. Shawararsa ita ce su daina roƙon a ƙara musu farashi, su kafa ƙungiyar gama-kai, su mallaki injin sarrafa madararsu, su sayar wa Bombay kai tsaye. A ranar 4 ga Janairu 1946 aka yi taro a ƙauyen Samarkha ƙarƙashin Morarji Desai, wanda shi ma ya zama Firaminista a 1977. Da gwamnati ta ƙi amincewa, sai manoman suka daina sayar da madara baki ɗaya. Kwana 15 Bombay ba ta ga madarar Anand ba. Hukuma ta sauko.

A ranar 14 ga Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyar masu madara ta gundumar Kaira rajista, Tribhuvandas Patel na shugabanta. Shi ne ya riƙa bin ƙauyuka yana lallashin mutane su shiga. Lokacin da ƙungiyar ta fara dafa madara da inji don kashe ƙwayoyin cuta a 1948, ƙauyuka biyu ne kacal ke kawo mata, abin da ake tarawa a yini kuma bai wuce lita 250 ba, wato jarka goma masu cin lita 25.

Injiniyan da ya zo ba da son ransa ba

A watan Mayu na 1949 wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Verghese Kurien ya sauka a Anand. Mutumin Kerala ne, can kudancin Indiya, Kirista, ba ya jin yaren Gujarati. Gwamnati ce ta biya masa karatun injiniya a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, sai ta tura shi wata ƙaramar masana'antarta a Anand domin ya yi mata aiki a madadin kuɗin karatun. Bai so wurin ba ko kaɗan. A garejin mota ya fara zama saboda rashin mai ba shi hayar ɗaki. Da wa'adinsa ya ƙare ya ɗaure kaya, sai Tribhuvandas ya roƙe shi ya tsaya ya taimaka a girka sababbin injuna. Tsayawar da ya yi ke nan har ƙarshen rayuwarsa a 2012.

Babbar matsalar da suka fara karo da ita mun san irinta a nan gida. A wurinmu da damina nono kan yi araha har a rasa mai saye, da rani kuma a nema a rasa. A Anand lokacin sanyi ne ɓauna ke ambaliyar madara, Bombay kuma ba ta iya shanye rarar. Maganin shi ne a mayar da rarar gari a adana. Amma a lokacin madarar saniya kaɗai ake mayarwa gari a masana'antun duniya, kuma ƙwararru daga ƙasashen da suka yi nisa a harkar sun ce ta ɓauna ba za ta yiwu ba. Abokin karatun Kurien, H. M. Dalaya, shi ya gano dabarar. A ranar 31 ga Oktoba 1955 Firaminista Jawaharlal Nehru ya buɗe masana'antar madarar gari da man shanu a Anand, wadda aka gina da tallafin UNICEF. Kayanta aka sa wa suna Amul, daga wata kalmar Sanskrit mai nufin abin da ya fi ƙarfin a yi masa farashi.

A lura da yadda mutanen uku suka raba aiki. Tribhuvandas ya riƙe amanar manoma, ya tare wa ma'aikata 'yan siyasa. Kurien ya riƙe gudanarwa da kasuwa. Dalaya ya riƙe injuna. Masu digirin ma'aikata ne da ake biya albashi, iyayen gidansu kuwa su ne manoman da yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba.

Yadda tsarin ke aiki

Tsarin Anand hawa uku ne. Na farko ƙungiyar ƙauye. Duk mai dabbar tatsa yana iya zama mamba idan ya sayi hannun jari ɗan ƙarami, ya kuma yi alƙawarin kawo madararsa. Mai ɓauna ɗaya da mai ashirin ƙuri'a ɗai-ɗai gare su a zaɓen shugabanni. Safe da yamma ake buɗe wurin karɓa. Mace ta zo da kwanonta ta shiga layi, a auna yawan madarar, a ɗebi kaɗan a gwada maiƙonta a gabanta, a rubuta. Farashi ya dogara ne kan yawa da kuma kauri, saboda haka wadda ta ƙara ruwa kanta ta cuta. A da a hannu ake biya nan take ko da an dawo na yamma, yanzu kuɗin yawanci ta asusun banki yake shiga. Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce ƙungiya ba ta mayar da madarar mamba don ta yi yawa, muddin mai kyau ce.

Shi kansa layin ya yi wani aiki da ba a zata ba. A ƙauyukan Indiya akwai tsohon tsarin fifita mutane bisa asalin haihuwa, har akwai waɗanda ake ƙyamar taɓawa. A wurin karɓar madara wanda ya riga zuwa shi ke gaba, kuma madarar kowa tanki ɗaya take shiga. Wannan bai kashe wariyar ba, amma ya rage mata kaifi sau biyu a kowace rana.

Hawa na biyu shi ne tarayyar ƙungiyoyin a matakin gunduma. Ita ke da masana'anta da motocin da ke zagaya ƙauyuka. Ita ke ɗaukar likitocin dabbobi da ake kira su zo har gida, ita ke da masana'antar abincin dabbobi, ita ke samar da irin bijimai nagari da ake yi wa shanu baye da shi ta hanyar allura. Shugabannin ƙungiyoyin ƙauye ne ke zaɓen hukumar gudanarwarta. Tarayyar Kaira a yau tana da ƙungiyoyin ƙauye sama da 1,000.

Hawa na uku shi ne haɗaɗɗiyar ƙungiyar jiha, GCMMF, da aka kafa a 1973, hedikwatarta na Anand. Aikinta talla da sayarwa, domin kada gundumomin Gujarat su riƙa karya wa juna farashi a kasuwa. Kowa da sunan Amul yake sayarwa. Tana da tarayyar gundumomi 18, ƙungiyoyin ƙauye kimanin 18,600, da masu kiwo miliyan 3.6. Cinikinta a shekarar 2023/24 ya haura dala biliyan 7. A cewarta, kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da mai saye ya biya wa madara yana komawa hannun mai tatsa. A ƙarshen shekara kuma akan raba wa mambobi rarar riba gwargwadon madarar da kowa ya kawo.

Idan aka tattara, abu huɗu ne suka riƙe tsarin: ma'auni na gaskiya da ake gani da ido, biya a kan lokaci, tabbacin kasuwa rani da damina, da kuma mallakar masana'antar a hannun masu kawo kayan. Manomin hatsi sau ɗaya ko biyu yake ganin kuɗi a shekara. Mai ɓauna a Anand kuɗi na shigo masa duk tsawon shekara, kuma da su ake cefane, a sayi magani, a biya kuɗin makaranta ba tare da an je wurin mai ba da bashi da ruwa ba.

Daga gunduma zuwa ƙasa baki ɗaya

A watan Oktoba na 1964 Firaminista Lal Bahadur Shastri ya zo buɗe masana'antar abincin dabbobi a Kanjari. Maimakon masaukin gwamnati, sai ya kwana a gidan wani manomi a ƙauyen Ajarpura, ya raba dare yana sauraron mutane. Abin da ya ji ya sa ya nemi a yaɗa tsarin a faɗin ƙasa. A 1965 aka kafa Hukumar Bunƙasa Harkar Madara ta Ƙasa, NDDB, Kurien na shugabanta. An ajiye hedikwatarta a Anand, kusa da manoma, nesa da ofisoshin Delhi.

A 1970 hukumar ta ƙaddamar da shirin Operation Flood, ma'ana ambaliyar madara, wanda ya gudana a zango uku har zuwa 1996. Akwai darasi a yadda aka samo kuɗinsa. A lokacin ƙasashen Turai na da rarar madarar gari da man shanu, suna bayarwa kyauta ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya. Da an raba kayan kyauta a birane, da farashi ya faɗi, masu kiwon gida sun durƙushe. Sai NDDB ta karɓi kayan ta sayar a farashin kasuwa a Delhi, Bombay, Calcutta da Madras, kuɗin kuma ta gina masana'antu da ƙungiyoyi irin na Anand a sauran jihohi. Ƙasar da ke samar da tan miliyan 20 da 'yan kai a wajejen 1970 ta ninka wannan sau goma cikin shekara hamsin.

Masoya finafinan Indiya ga wani abin da za ku riƙe. Fim ɗin Manthan na Shyam Benegal, wanda ya fito a 1976 kuma Smita Patil ta taka rawa a ciki, labarin kafa irin wannan ƙungiya ne a wani ƙauye. Masu madara 500,000 na Gujarat ne suka ɗauki nauyinsa, kowa ya ba da rupi 2. Kurien ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 1989, kuma ranar haihuwarsa, 26 ga Nuwamba, ita ce ranar madara ta ƙasa a Indiya.

Gona da masana'anta

Madara ta yi suna, amma ba ita kaɗai ke riƙe da gundumar ba. Saboda ruwan da ake jawowa daga Kogin Mahi da kuma rijiyoyin burtsatse, gona ɗaya kan yi amfani biyu ko uku a shekara. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da dankalin Turawa da kayan miya, da bazara kuma gero, wanda suke yin gurasa da garinsa. Anand na cikin manyan masu noman ayaba a Gujarat. A yankunan Tarapur da Khambhat, inda ƙasa ke da laka mai riƙe ruwa, ana shuka wata alkama mai suna Bhalia bayan ɗaukewar ruwan sama, ta girma da danshin ƙasa ba tare da ban-ruwa ba, kamar dai yadda ake noman dawar masakwa a ƙasar firgi ta Borno. Noman da kiwon suna ciyar da juna: kara da bambaro su tafi turke, taki ya dawo gona.

Amfanin gonar da ya fara kawo wa Charotar kuɗi kuwa shi ne taba. Anand da maƙwabciyarta Kheda su ne cibiyar tabar da ake naɗa bidi da ita, wata 'yar siririyar sigari da ake naɗewa da ganyen itace, wadda talakawan Indiya ke sha.

Ta fuskar masana'antu, akwai rukunin Vitthal Udyognagar a gefen birnin Anand, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Fitacce a yankin shi ne Elecon, mai ƙera haƙoran manyan injuna da na'urorin jigilar kaya masu nauyi a ma'adinai da tashoshin wuta. Harkar madara ma ta haifi masu ƙera tankuna da injunan sanyaya. A 2018 Amul ta buɗe sabuwar masana'antar cakulan a Mogar. Khambhat kuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da Ibn Battuta ya ziyarta a ƙarni na 14, kafin tafiyarsa ta Mali. Yashi ya cike tashar, amma garin na nan da sana'arsa ta dubban shekaru, wato sassaƙa duwatsun ado na aƙiƙ. A kusa da shi ne, a Lunej, aka haƙo man fetur a 1958.

Ilimi ma sana'a ce a gundumar. Garin Vallabh Vidyanagar don karatu aka kafa shi, a nan Jami'ar Sardar Patel take tun 1955. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Anand, akwai kuma IRMA, cibiyar da aka kafa a 1979 domin horar da matasa masu digiri su gudanar da ƙungiyoyin mutanen karkara. Wasu ƙauyukan sun fara gwada sababbin abubuwa a kan tsohon tsarin. A Mujkuva manoma sun haɗa ƙungiyar masu famfon ban-ruwa na sola, suna sayar wa kamfanin wuta rarar lantarkin. A Zakariyapura mata na samun iskar gas ta girki daga kashin shanu, ragowar kuma su sayar a matsayin taki.

Inda ake ɗingishi

Kowane allazi da nasa amanu. Tun a shekarun 1980 wasu masana sun soki Operation Flood, suna cewa madara na tafiya birni alhali yaran talakawan ƙauye ba sa samun isasshiya, kuma shirin ya jingina da tallafin Turai fiye da kima. A yau kukan masu kiwo shi ne tsadar abincin dabba, wadda ke cinye ribar, kuma wanda ba shi da gonar da zai samu ciyawa shi ya fi jin jiki. Mata ne ke yawancin aikin, daga yankan ciyawa zuwa tatsa, amma maza sun fi yawa a manyan kujeru. Jam'iyyun siyasa kuma sun gane cewa wanda ya riƙe tarayyar madara ya riƙe ƙuri'un ƙauye, don haka zaɓen shugabanninta ya zama fagen fafatawarsu. A 2022 wata cutar ƙurajen fata ta kashe dubban shanu a Gujarat da Rajasthan.

Akwai kuma barazanar kasuwar duniya. Tsoron shigowar madarar gari mai araha daga New Zealand da Ostareliya na cikin dalilan da suka sa Indiya ta janye daga yarjejeniyar cinikayya ta RCEP a 2019, bayan ƙungiyoyin masu madara sun yi ta matsa lamba. Wannan ya nuna ƙarfin muryarsu, ya kuma nuna cewa kariyar gwamnati na cikin abin da ke riƙe da su.

Taba na kawo kuɗi tana kuma kawo cuta, shi ya sa hukumomi ke ta kiran manoma su sauya amfani, sauyin kuma na tafiyar hawainiya. A Khambhat masu goge duwatsun aƙiƙ da yawa sun mutu da ciwon huhun da ƙurar dutse ke haddasawa. Su yawanci a gida suke aiki wa 'yan kasuwa, babu ƙungiya mai ƙarfi irin ta masu madara da za ta tsaya musu. A gunduma ɗaya ke nan ana iya ganin bambancin mai haɗin kai da marar shi. Matasa masu ilimi kuma hankalinsu na kan fita waje. Mutanen Charotar sun daɗe suna ƙaura zuwa gabashin Afirka, Ingila da Amurka, har ƙauyen Dharmaj ya yi suna da yawan bankuna da gidajen da masu su ke ƙetare.

Mu fa?

Shanun Najeriya yawancinsu a Arewa suke, amma madarar da mai shayi ke zuba mana da safe galibi daga garin madarar ƙetare aka haɗa ta. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe tsakanin dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo.

Ba za mu ce a ɗauko Anand a dasa a Kano ko Adamawa yadda take ba. Dabbobinsu a turke suke, namu da yawa suna yawon neman ciyawa da ruwa. Su suna da layin dogo zuwa babbar kasuwa tun farko, mu kuma muna fama da hanya, da wuta, da matsalar tsaron da ta tarwatsa rugage masu yawa. Shanunmu irin Bunaji da Rahaji da Bokoloji masu juriya ne, amma nononsu kaɗan ne idan babu isasshen abinci. Sannan a al'adar Fulani nono na mace ne, ita ke sayarwa ita ke riƙe kuɗin. Duk tsarin da zai karɓi madara ya biya maigida, ya raba mata da abin hannunsu ke nan, ko da an kira shi ci gaba.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Ƙungiyoyin masu madara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai tarayyar MILCOPAL a Kaduna, kamfanoni ma na buɗe cibiyoyin karɓar madara a jihohi daban-daban. Tambayoyin da tarihin Anand ya koya mana mu yi a kan kowace cibiya su ne: Wa ke riƙe da ma'auni? Yaushe ake biya, kuma hannun wa kuɗin ke shiga? Za a karɓi madarar a tsakiyar damina lokacin da ta yi yawa? Idan an ci riba, ta wa ce? Waɗannan tambayoyi sun shafi mai tumatir a Kadawa da mai albasa a Aliero, domin duk mai kayan da ke lalacewa da wuri a hannun dillali yake idan shi kaɗai ne.

Mu ɗalibai kuma akwai gurbinmu a ciki. Ƙungiyar ƙauye na buƙatar mai riƙe littafin kuɗi da ba ya ha'inci, mai gwada madara, mai gyaran firjin sola, likitan dabbobin da zai amsa kira da dare. Masu karanta akanta, injiniya, kiwon dabbobi da kwamfuta duk suna da abin yi, idan sun yarda su yi wa mutanen ƙauye aiki a matsayin ma'aikatansu. Wanda zai je gida hutun nan zai iya farawa da abu mai sauƙi: ya zauna da masu kawo nono kasuwar garinsu, ya rubuta ƙwarya nawa suke kawowa, nawa suke sayarwa da damina da rani, nawa ke komawa gida ba a saya ba. Ƙungiyar Kaira da ƙauye biyu da jarka goma ta fara.